Abin da Tsofaffin 'Yan Kallo Suka Koya a Hanyar Omaha

A Amurka, jami'o'i suna da ƙungiyoyin wasan besbol waɗanda ɗalibai ke bugawa, kuma kakar wasansu takan fara a watan Fabrairu ta ƙare a watan Yuni. Idan wasannin mako-mako suka ƙare, hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasar, wato NCAA, takan ware ƙungiyoyi 64 su shiga gasar ƙarshe. Tun 1999 ake bin wannan tsari. Ana raba su gida 16, ƙungiya huɗu-huɗu, duk wadda aka ci sau biyu sai ta tattara kayanta. Goma sha shidan da suka tsira a haɗa su biyu-biyu, wadda ta riga cin wasa biyu cikin uku ita ke wucewa. Takwas ɗin da suka rage su ke tafiya birnin Omaha na jihar Nebraska, inda ake buga College World Series tun 1950, shekara uku bayan an fara gasar a Kalamazoo ta jihar Mishigan. Har zuwa 2010 a filin Rosenblatt ake yi, daga 2011 kuma aka koma sabon fili a tsakiyar gari mai ɗaukar kimanin mutum 24,000.

Wanda bai san wasan ba yana bukatar sanin abu kaɗan kafin ya gane halin masu kallonsa. Mai jifa yana jefo ƙwallo, mai bugu ya make ta da kulki ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu. Idan ya dawo inda ya tashi, ƙungiyarsa ta sami maki ɗaya. Idan ya buga ta tsallake katangar fili, shi da duk abokansa da ke kan tashoshi sun shigo gida lafiya. Idan kuwa masu tsaron fili suka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ya fita. Da zarar an fitar da mutum uku sai a yi musanya, haka har zagaye tara. Babu lokacin tashi. Ƙungiyar da ke gaba ba ta da damar ja wa lokaci rai har a busa usur. Dole ta fitar da mutum na ƙarshe da hannunta. Wannan ne ya sa zuciyar mai kallon besbol ba ta kwanciya, kuma daga nan ne mafi yawan abin da ake gani a wurin magoya baya yake tasowa.

A kudancin Amurka wasan ya fi farin jini. A Starkville, garin Jami'ar Jihar Misisifi, mutane sun daɗe suna kafa murhu a bayan katangar filin Dudy Noble suna gasa nama suna kallo, har baƙin da suka zo goyon bayan abokan hamayya sukan sami rabonsu. A 2023 fiye da mutum 16,000 suka shiga wannan fili don wasa guda. Magoya bayan Jami'ar Jihar Luwiziyana, wadda aka fi sani da LSU, sun shahara da zuwa Omaha da tukwanensu, wasu ma har a shekarun da ƙungiyarsu ba ta kai can ba. Mutanen da suka yi shekaru talatin ko arba'in suna wannan zirga-zirga sun ga abubuwan da matashin mai kallo bai gani ba tukuna, kuma abin da suka fi yarda da shi shi ne wasa ɗaya ba ya isa a yanke wa kowa hukunci.

Wasan ƙarshe na 1996 shi ne misalin da ba a mantawa. A lokacin wasa guda ne ke raba gardama. Jami'ar Miyami na gaba da LSU da maki 8 da 7 a ƙarshen zagaye na tara, an riga an fitar da mutum biyu. Mai bugun da ya fito, Warren Morris, ya shafe yawancin kakar yana jinyar karayar ƙashi a hannu, bai tsallakar da ƙwallo katanga ko sau ɗaya ba a shekarar. Jifan farko ya buga ta wuce katangar dama, shi da abokinsa da ke kan tasha suka shigo gida, aka tashi 9 da 8. Mutanen Luwiziyana har yau suna iya faɗin inda suke a wannan rana. Amma akwai wani hoton da ya rage daga wasan: ɗan wasan Miyami, Alex Cora, kwance ruf da ciki a tsakiyar fili yana kuka. Duk wanda ya ga yaron a ranar zai ce duniyarsa ta ƙare. Cora ya je ya yi shekaru yana wasa a babbar gasar ƙwararru, kuma a 2018 shi ne kocin Boston Red Sox da ta lashe kofin ƙwararrun. Ranar da mai kallo ya ɗauka ita ce dukan labarin mutum, sau da yawa shafi ɗaya ce kawai a cikinsa.

A wannan shekarar ta 2018 ne magoya bayan Jami'ar Akansa suka sha abin da ya fi kowanne ɗaci. Ƙungiyarsu ba ta taɓa cin kofin ba. Ta ci Jami'ar Jihar Oregon a wasan farko na zagayen ƙarshe, wanda tun 2003 ya koma wasa uku, a wasa na biyu kuma tana gaba da maki 3 da 2 a zagaye na tara, saura mutum ɗaya a fitar. Mai bugun Oregon, Cadyn Grenier, ya ɗaga ƙwallo sama ta nufi wajen layin dama. Cafe ta kawai ya rage a ɗauki kofi. 'Yan wasa uku suka rugo daga wurare uku, kowa yana tsammanin ɗan'uwansa ya fi shi kusa, ƙwallo ta faɗi a tsakaninsu. Da yake a wajen layi ta faɗi, Grenier ya sake samun dama ya buga wadda ta kawo kunnen doki, Trevor Larnach ya biyo baya ya tsallakar da tasa katanga, Oregon ta ci 5 da 3. Washegari ta sake ci 5 da nema.

Abin da ya biyo baya a bakin magoya baya ya kasu biyu, kamar yadda yakan kasu a ko'ina. Wasu sun yi ta maimaita hoton bidiyon suna neman wanda za su ɗora wa laifi a cikin ukun. Wasu kuma suka tsaya wa yaran. Masu dogon nazari a cikinsu sun lura da abin da mai fushi ba ya gani: bayan faɗuwar ƙwallon nan Akansa ce har yanzu a gaba, kuma mutum ɗayan nan ne dai ya rage. Bayan haka kuma akwai wasa na uku cur, inda wani ɗan ajin farko mai suna Kevin Abel ya yi jifa daga farko har ƙarshe, 'yan Akansa sau biyu kaɗai suka sami bugun da ya kai su tasha. Kofin bai suɓuce a daƙiƙa guda ba. Zuciya ce ke son abu ɗaya da za ta nuna da yatsa, domin baƙin ciki mai fuska ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda ya watsu a wurare goma. Sai dai fuskar da ake nunawa ta ɗan mutum ce, mai shekara ashirin ko ashirin da biyu, wanda iyayensa ke zaune a cikin taron suna jin abin da ake faɗa. Shekaru masu yawa doka ta taƙaita wa kowace ƙungiya tallafin karatu na mutum 11.7 kacal, alhali 'yan wasanta sun fi talatin, ma'ana da yawansu iyayensu ne ke biyan wani kaso na kuɗin makaranta, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke kaiwa babbar gasar ƙwararru. Zagin irin wannan yaro a kafafen sada zumunta saboda ƙwallo ta faɗi zalunci ne, ko da mai zagin yana ganin son ƙungiya ne ya sa shi.

Shi kansa wasan yana ruɗin mai saurin yanke hukunci. A zagayen ƙarshe na 2023 Jami'ar Fulorida ta lallasa LSU da maki 24 da 4 a wasa na biyu. Kwana ɗaya bayan haka LSU ta rama da 18 da 4 ta ɗauki kofi. 'Yan wasan su ne dai na jiya. Mai jifa ne ya canza, da kuma inda ƙwallo ta ga damar faɗawa. A 2008 ma Jami'ar Jihar Fresno, wadda aka ci sau 31 a kakar, ita ta koma gida da kofin.

Inda rashin haƙurin magoya baya ya fi sauka shi ne kan koci, kuma jihar Misisifi ta ba da darasi biyu a jere. A 2021 Jami'ar Jihar Misisifi ta sha kashi a hannun Vanderbilt 8 da 2 a wasan farko, sannan ta ci 13 da 2 da kuma 9 da nema. Wannan ne kofin ƙasa na farko da jami'ar ta taɓa ci a kowane wasan ƙungiya. Akwai dattawan da suka ga ƙungiyar 1985, wadda ke da Will Clark da Rafael Palmeiro, ta je Omaha ta dawo hannu rabbana, suka kuma ga an ci su a zagayen ƙarshe na 2013. Irin waɗannan ne suka cika filin Omaha, da yawa suna hawaye. Kocin da ya kai su, Chris Lemonis, ya zama ɗan lele. Shekaru biyu da suka biyo baya ƙungiyar ba ta ko shiga cikin 64 ɗin ba, kuma a watan Afrilu na 2025, ana tsakiyar kaka, aka sallame shi.

Maƙwabtansu kuma abokan hamayyarsu, Jami'ar Misisifi da ke Oxford, labarinsu ya bi ta ɗaya hanyar. Mike Bianco yana koci a can tun kakar 2001, ya gina ƙungiya mai cin wasa kusan kowace shekara, amma kafin 2022 sau ɗaya kawai ya kai ta Omaha, a 2014. A 2022 ƙungiyar ta hau matsayi na ɗaya a ƙasa a farkon kaka, sannan ta zame har ta kai ta ci wasa 7 an ci ta 14 a rukuninta na SEC. Maganar korarsa ta cika gari. Da ƙyar aka sa su cikin 64, su ne na ƙarshe da aka zaɓa. Daga nan suka yi ta ci har Omaha, suka doke Oklahoma 10 da 3 da kuma 4 da 2, suka ɗauki kofinsu na farko. Waɗanda suka nemi a kore shi a watan Mayu suna cikin masu yi masa tafi a watan Yuni. Ba abin kunya ba ne mutum ya sauya ra'ayi idan gaskiya ta bayyana, amma da jami'ar ta bi muryar masu ihu wata biyu kafin nan, da ba a kai ga wannan rana ba.

Akwai kuma wanda ranar ba ta zo masa ba ko kaɗan. Mike Martin ya yi shekara 40 yana kocin Jami'ar Jihar Fulorida, daga 1980 zuwa 2019. Ya ci wasa 2,029, babu kocin besbol na jami'a da ya kai shi. Babu shekarar da ƙungiyarsa ba ta shiga gasar ƙarshe ba, ya kai ta Omaha sau 17, ya buga wasan kofi a 1986 da 1999, bai taɓa ɗauka ba. Duk bazara akwai masu cewa ba ya iya babban wasa. Amma tun yana bakin aiki aka sa wa filin jami'ar sunansa, kuma da ya rasu a farkon 2024 abin da tsofaffin ɗalibansa suka fi ambata shi ne yadda ya riƙe su. Ƙungiya 64 ke shiga, 63 daga ciki da shan kashi suke rufe kakarsu. Mai kallon da ba ya ganin amfanin shekara sai ta ƙare da kofi ya yanke wa kansa baƙin ciki kusan kowace shekara, ya kuma rasa daɗin watanni huɗun da ya zauna da 'ya'yansa da abokansa a bakin fili.

A 'yan shekarun nan an sami sauyin da ya ƙara gwada wannan haƙuri. Tun watan Yuli na 2021 ɗalibai 'yan wasa suna iya karɓar kuɗi ta hanyar tallace-tallace da sunansu, kuma sauya jami'a ya zama abu mai sauƙi. Paul Skenes, mai jifan da ya ja LSU zuwa kofin 2023, daga makarantar sojan sama ya taho, kaka ɗaya ya yi musu. Kociyoyi ma haka: a 2024 Jim Schlossnagle ya kai Texas A&M zagayen ƙarshe, Tenesi ta ci su a wasa na uku, washegari aka sanar da ya koma Jami'ar Texas, babbar abokiyar hamayyarsu. Fushin da magoya baya suka yi a ranar yana da hujja, domin sun ba da amana suka ga ba a riƙe ba. A da mai kallo yakan ga yaro ya shigo ɗan ajin farko, ya girma a gabansa shekara uku ko huɗu, har ya san mahaifiyarsa da inda take zama a fili. Yanzu kuwa a manyan ƙungiyoyi da yawa, wani kaso mai tsoka na waɗanda za su fito fili a watan Fabrairu a wata jami'ar suka buga kakar da ta wuce.