Sabon Inji, Tsohuwar Farfela

Bana mun haɗa kuɗi mun saya wa jirginmu na ruwa sabon injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, amma don tsimi muka ɗaura masa tsohuwar farfela. Ranar da muka loda buhunan masara a bakin Binuwai, kusa da gadar Jimeta, sai inji ya kama nishi, mai na ƙonewa, jirgi na tafiyar hawainiya.

Wani tsohon makaniki a Limawa ya ce mana, “Yarana, farfela mai fukafukai masu karkata sosai ta gudu ce. Jirgin kaya mai ƙaramar karkata yake so.”

Muka sayo ta alminiyam, domin in ta daki yashi da rani ita za ta lanƙwashe, giya ta tsira. Kafin ku biya kuɗi, ku gwada da lodi. Allah Ya tsare mu.