Kakan Sarki

Mu uku ne muke aikin. Wani kamfanin iyali mai sarin kayan masarufi ya ba mu kwangilar rubuta masa manhajar biyan kuɗi: ma'aikaci ya shigar da buƙata, shugaba ya duba ya amince, kuɗi su fita. Shugaban matashi ne, bai kai mu shekaru ba, mahaifinsa ya rasu ya bar masa kujera. Ana saura mako biyu mu miƙa aiki sai wani dattijo ya aiko a kira mu. Kakan shugaban ne na wajen uwa. Ba shi da ofis a kamfanin, sunansa ma ba ya cikin takardar albashi. Ya sa aka kawo mana zoɓo, ya tambayi lafiyar iyayenmu, sannan ya ce, "Samari, abu ɗaya nake so. Duk takardar da za ta je gaban yaron nan, ta fara biyowa ta wayata. Ba hannu zan sa ba, gani kawai zan yi."

"To Baba, in kun gani ba ku tura ba fa?"

"Sai ta jira."

Muka tuntuɓi shugaban, ya ce yadda Baba ya ce haka za a yi. Aikin bai kai layi ashirin ba, a daren muka gama.

Sai bayan wata da watanni ɗayanmu, mai son karance-karancen tarihi, ya turo mana wata kalma ta Japananci a WhatsApp: nairan. Ya ce ga sunan abin da muka gina, kuma an riga mu da shekara dubu. A fadar Kiyoto, nairan izini ne na karanta duk takardar mulki kafin ta isa gaban sarki. Tun daga ranar muka kamu da labarin gidan Fujiwara, har muna ɓata lokacin aiki a kai.

Fujiwara ba su taɓa hawa gadon sarautar Japan ba, ba su ma nema ba. 'Ya'yansu mata suke aurar wa sarakuna. A al'adar manyan lokacin, ɗa yakan tashi ne a gidan dangin uwarsa, don haka yarima a hannun kakansa yake koyon tafiya da magana. A shekarar 858 aka naɗa Seiwa sarki bai kai shekara goma ba, kakansa Yoshifusa ya riƙe masa mulki, ya zama mutum na farko da ba jinin sarauta ba da ya yi riƙon. Sunan muƙamin sessho. Da aka ga sarki yana girma riƙo ya ƙare, sai aka samo wani muƙamin, kampaku, mai riƙe wa sarki baligi. In kuma sarkin ya fara taurin kai, a lallaɓa shi ya yi murabus, a ɗora wani yaron.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne Micinaga, wanda ake ce wa ƙololuwar gidan. Mun ɗauka zai tara muƙamai ne kamar rawani bisa rawani. Ashe bai taɓa zama kampaku ba, duk da cewa littafin da ya riƙa rubuta al'amuransa na yau da kullum da sunan kampakun ake kiransa har yau. Sessho ma shekara guda kawai ya yi, daga 1016 zuwa 1017, ya miƙa wa ɗansa Yorimici. Abin da ya riƙe gam tun 995 shi ne nairan, tare da kujerarsa a majalisar manya. Takarda ta hannunsa take bi, shawara a gabansa ake yanke ta. Duk wanda ya taɓa tsara wa wata ma'aikata izinin shiga manhaja ya san irin wannan mutum. Sunan da ke saman allo bai dame shi ba.

Akwai inda sha'awarmu ta dusashe. Shoshi, 'yarsa ta fari, ba ta wuce shekara goma sha biyu ba aka kai ta fada a 999, gida duka ya zuba wa cikinta ido har 1008 da ta haifi namiji. A 1018 aka ɗaga ƙanwarta Ishi zuwa matsayin uwargidan wannan yaron, ɗan yayarta, yana ɗan shekara goma. Wata ƙanwar, Kishi, ta rasu a 1025 kwanaki kaɗan bayan ta haifi wanda zai zama sarki. Ana yabon fadar nan da waƙa da turare da alharini, a gidan Shoshi ne ma Murasaki Shikibu, marubuciyar labarin Genji, ta yi hidima. Amma duk ginin a kan haihuwar yara mata ya tsaya, kuma ta nan ya tsage. Yorimici ya yi riƙo kusan shekara hamsin, ya gina ɗakin ibadar nan na Biyodo-in a 1053, wanda hotonsa ke jikin kwabon yen goma. Jika namiji a fada ne Allah bai ba shi ba. A 1068 Go-Sanjo ya hau gado, uwarsa ba Fujiwara ba ce, a shekara mai bi ya kafa ofishin bincikar takardun gandayen manya.

Mu namu tsagewar ta zo ne ta hanyar wani sarkin daban, Uda. A 887 ya naɗa Mototsune kampaku, amma a takardar aka kira shi da wani tsohon laƙabin Sin, ako. Masana suka ce laƙabin girma ne da babu aiki a cikinsa. Mototsune ya ce to madalla, ya koma gida ya zauna. Wata da watanni harkar mulki ta tsaya cik, sai da sarki ya janye takardar. Muna tsaka da dariyar wannan labari shugaban kamfanin nan ya kira mu, murya a sama, wai manhajarmu ta lalace, albashi ya kwana goma sha ɗaya bai fita ba. Muka duba, komai lafiya lau. Buƙatu sittin da wani abu suna kwance a wayar Baba. Ashe shugaban ya ɗauki sabon akanta bai shawarce shi ba.

Dariyar ta tsaya a nan. Direbobi ne da 'yan dako da masu gadi, ga azumi ya ƙarato. Ba mu muka hana su albashi ba, amma mu muka gina ƙofar da aka rufe, mun kuma tambayi abin da zai faru in an rufe ta, an faɗa mana, muka sha zoɓo muka gina. Mun yi gardama a tsakaninmu ko mu ce matsalar sabar ce mu buɗe a ɓoye, a rufa wa kowa asiri. A ƙarshe muka faɗa wa shugaban gaskiya. Ya yi shiru, ya ce zai je ya gaida Baba. Washegari albashi ya fita.

Mun zaci zai ce a goge layukan. Bai ce ba. A Japan ma ba a goge ba. Sarki Shirakawa murabus ya yi a 1086, ya ɗora ɗansa ƙarami, ya ci gaba da mulki daga gefe, wato uba ya karɓe aikin kaka. Daga baya iko ya koma hannun mayaƙa, su ma shogun nasu ya samu masu riƙe masa, gidan Hojo. Fujiwara kuwa suka rabu gida biyar, Konoe da Kujo da Nijo da Icijo da Takatsukasa, suna karɓa-karɓar kampaku, da rigunansa da bukukuwansa, har zuwa 1868.

Bayan salla shugaban ya kira mu shi kaɗai. Ya ce a buɗe wata hanya ta biyu, albashi da kuɗin manyan dillalai su riƙa zuwa masa kai tsaye, sauran a bar su yadda suke. Muka yi. Har yanzu wayar Baba tana ƙara sau da yawa a rana: kuɗin man janareta, kuɗin ruwan leda, gyaran tayar babur. Yana karanta kowacce, kuma a bayanan manhajar muna ganin ba ya wuce minti biyar bai tura ba.