Tambayar da Za Ka Yi wa Mai Sayar da Manhaja

Ɗana, tunda mahaifinka ya danƙa maka makullin shago, kuma na ji kana shirin zuba lissafin simintin Malbaza da albasar Galmi cikin kwamfuta, ga tambayar da za ka yi wa mai sayar maka da manhajar kafin ka ba shi ko dala: idan na shigar da ciniki na tabbatar, zan iya goge shi? In ya washe baki ya ce sosai ma, ka yi masa godiya ya kama hanya.

Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, masu dokokin kasuwanci na bai ɗaya, tun yarjejeniyar 1993, kuma dokarsu ta lissafi, wadda sabon tsarinta ya fara aiki a 2018, ba ta ɓoye komai ba. Lissafin kwamfuta sai ya bi jerin kwanaki, abin da aka tabbatar ba ya goguwa, takardu kuma a adana su shekara 10. In an yi kuskure, a rubuta wani layi ya warware na farko, kowa ya ga duka biyun.

Ku matasa kuna ganin takura ce. Na san wani attajiri a nan Ƙonni da yaron shagonsa ke sayar da siminti da rana, da dare ya share cinikin. Kwamfuta na cewa buhuna suna nan, sito kuwa wayam. Da magana ta kai gaban manya, attajirin ya rasa hujja, domin shi da yaransa duka da lambar sirri guda suke shiga. Har ɗan'uwansa da ya zuba jari ya fara yi masa kallon ɓarawo, zumunci ya yi tsami. Saboda haka ka ba kowane yaro lambarsa, kuma mai karɓar kuɗi kada ya zama shi ne mai ƙirga kayan sito, ko da ɗan cikinka ne.

Sannan ka tuna ba kai kaɗai ke rubutu ba. Kayan da ka shigo da su ta Illelar Sakkwato suna cikin manhajar SYDONIA ta 'yan duwan. Rasit mai shaidar hukumar haraji, wanda ke ɗauke da lambarka ta haraji (NIF) da harajin TVA kashi 19 cikin ɗari, labarinsa na isa wurin hukumar. Ranar bincike za a jera nasu da naka, kuma ba naka za a fara gaskatawa ba.

Naira ce ke yawan rikita mutanenmu. Littafi da sefa ake rufe shi, don haka duk cinikin da ka yi da naira, ka sa canjin wannan ranar a gefensa. Kada ka bari sai ƙarshen wata, lokacin da 'yan canjin bakin tasha ma sun manta nawa suka ba ka.