Mu da muka yi karatu da kabu-kabu

Kahin 2010, yawancin wanda ya ci bak sai ya kama hanyar Yamai. Da aka buɗe jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa, mu 'ya'yan talakawa muka samu karatu kusa da gida. Amma kusa da gida ba ya hana yunwa, balle in bursu ta makara.

Shi ya sa kowa ya nemi abin yi. Wasunmu kabu-kabu bayan la'asar, wasu saida katin waya, wasu koyar da yara lissahi a gidajen masu hali, jika goma ko sha biyar a wata. Kunya muke ji, wallahi. In ka hango 'yar ajinku ta tsaya bakin titi tana neman moto, sai ka ja rawani ka wuce kamar ba ka gan ta ba.

Akwai wani ɗan ajinmu mai karatun gudanar da kasuwanci, da ke koyar da yaran wani Alhaji na babbar kasuwar Maraɗi. Wata rana Alhaji ya miƙo mishi littahin bashi, ya ce ya duba mishi. Yaron ya gano kuɗin buhuhuwan shinkafa da aka rubuta sau biyu. Daga nan duk kayan da suka shigo ta Ɗan Issa shi ke lissahinsu. Lokacin muna mishi dariya, muna ce mishi yaron shago.

Mu kuwa muka kare lisans, muka yi sarbis sibik shekara biyu, muka zauna jiran konkur. Wasu sun shiga koyarwar kwantaragi a ƙauye, wasu har yau takardunsu na cikin leda ƙarƙashin katifa. Duk inda muka kai dosiye, tambaya guda ce: ina ka taɓa aiki? Ba mu taɓa tunanin rubuta koyarwar gida ko riƙon kuɗin shago ba, mun ɗauka ba aiki ba ne.

Bara yaron shagon nan ya ɗauki ɗalibai biyu istaj, duka daga sashenmu.

To 'yan uwa, gurup ɗinmu na tsoffin ɗalibai a WhatsApp ya cika da suna, biki da ta'aziyya, kuma madalla da zumunci. Sai dai ƙannenmu na aji uku na yawo ofis-ofis neman wurin istaj na wata biyu, in ba shi ba za su kare takardarsu ba. Duk wanda ke da kujera ko da guda a wurin aikinshi, ya rubuta a gurup kahin hutun bana.