Kalma ɗaya, kawu ya ajiye alƙalami

A hutun da ya gabata, wani ɗalibin sashen nazarin harsuna ya koma gida Galmi, sai kawunsa ya miƙa masa takarda mai shafi huɗu. Kawun dillalin albasa ne, kuma wani ɗan kasuwa na Kumasi ya aiko masa da yarjejeniyar saye, rubuce da Ingilishi. Tun da yaron gida ya yi jami'a, shi aka zaunar kan tabarma ya fassara.

Aiki ya tafi daidai har aka iso inda takardar ta ce yarjejeniya za ta shiga “force” ranar da aka sa hannu. Ɗalibin da faransanci ya yi karatunsa, kuma a faransanci doka ko yarjejeniya “vigueur” take shiga. Da ya ga kalmar da ya sani cikin “travail forcé”, sai ya ce: “Kawu, sun ce daga ranar nan abin ya zama tilas.”

Dattijon ya ajiye alƙalami. “Ɗana, ubana ya yi aikin tilas a zamanin Nasara, ya ɗauki dutse a ka ba a biya shi ba. Ni ba zan sa wa tilas hannu da kaina ba.” Dokar da ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta mallaka, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny, ta fito ranar 11 ga Afrilun 1946, amma a gidan nan kalmar ba ta huce ba.

Daren nan ɗalibin ya kwana kan ƙamus. Asalin kalmar shi ne “fortis” na Latin, wato mai ƙarfi. Ta bi ta tsohon faransanci ta shiga Ingilishi wajen shekarar 1300, bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066 sun mai da harshensu na fada da kotu. Ta tarar da ƴar gida, “strength”, wadda ta riƙe ƙarfin da ke jikin abu ko da yana zaune, sai baƙuwar ta ɗauki ƙarfin da aka fitar aka ɗora wa wani. “Power”, dangin “pouvoir”, ta fi kusa da iko. Hausa ma ta san wannan rabo: ɗan dambe yana da ƙarfi, alƙali yana da iko, wanda aka fi ƙarfi kuwa ya san tilas.

Daga nan kalmar ta yi rassa. Taron mutane masu makami “force” ne, abin da Hausa ke kira runduna. Haka ma ma'aikatan ƙasa baki ɗaya, ko da ba mai riƙe da sanda a cikinsu. Newton ya rubuta littafinsa na 1687 da Latin, ya yi amfani da “vis”. Da aka mai da shi Ingilishi a 1729, “force” ce aka sa a madadinta, wato turi ko jan da ke sauya motsin abu, ba zalunci a ciki ba niyya. “Effort”, ƙoƙari, ƴar ɗakinsu ce. Har “comfort”, da yau ke nufin jin daɗi da lallashi, asalinta ƙarfafa wa mutum zuciya ne.

Da safe ya koma ya amsa kuskurensa. Kalmar ta fito sau uku a takardar, kuma kowace da aikinta. Ta farko tana nufin yarjejeniya ta fara aiki, ba wani abu ba. Ta biyu, “enforce”, ita kam da tilas a cikinta, kuma bai ɓoye ba: wanda ya saɓa alkawari, kotu na iya matsa masa ya cika, mai saye ne ko mai sayarwa. Ta uku ita ce “force majeure”, wadda Ingilishi ya aro daga faransanci bai sauya mata ko harafi ba: abin da ya fi ƙarfin mutum, wanda in ya auku ba a kama kowa da laifin rashin cikawa.

Kawun ya gyara zama. Ya tuna 2023, lokacin da aka rufe iyakoki, manyan motoci suka tsaya albasa na ruɓewa cikin buhu. “Karanta mini abubuwan da suka jera.” An ambaci ambaliya, gobara da yaƙi. Ba a ambaci rufe iyaka ba. Dattijon ya ce sai an ƙara shi, aka kira Kumasi ta waya, aka yi ta ja har la'asar, mai saye ya yarda.

Kalmar da ta kusa ɓata cinikin ita ce ta zama kariyarsa. Ɗalibin ya dawo jami'a da darasin da ya sha ji a aji bai kama shi ba sai kan tabarmar kawunsa: kalmar da ta yi kama da wadda ka sani ta fi baƙuwa haɗari, domin baƙuwa tana tura ka ga ƙamus, mai kama kuwa tana sa ka buɗe baki nan take.