Kaza da ɗiyanta

Ɗan'uwa mai karatu, in ka hita waje da dare lokacin ɗari, ɗaga kai ka dubi Kaza da ɗiyanta. Ni dai duk sa'ad da na gan ta sai in tuna kunyar da na sha.

Wani dare, mun tashi daga karatun manya, sai wani tsoho cikin ɗalibaina ya nuna ta da sanda ya ce: "Malam, ɗiyan nan nata ne da gaske?" Na yi dariya gaban jama'a, na ce: "Baba, suna ne kawai." Ya yi shiru. Ashe ni ne ban sani ba.

Da na bincika littattahwai, ga abin da na samu. Taurarin Kaza tare aka halicce su, wuri guda suke, tare suke tahiya. Ido yana ganin 6 ko 7, amma sun hi 1000. A shekarar 1610 wani masani na ƙasar Italiya, Galileyo, ya dube su da madubin hangen nesa, ya zana 36. Haskensu yakan yi shekara wajen 440 bisa hanya kahin ya iso idonka. Wannan shi ne garken taurari.

Yanzu juya arewa. Akwai manyan taurari 7 masu kamar ludayi, waɗanda Buzaye ke ce ma Taguwa. Su kam ba gida guda suka hito duka ba. Biyar na tsakiya hanyarsu ɗaya, haskensu yakan yi shekara wajen 80. Na baki biyu baƙi ne: na ɗaya ya hi shekara 100, na ɗayan ya hi 120, kuma kowane da tasa hanya. Idonmu ne ya haɗa su. Kamar wutar gidanka ce da wutar makiyayi can cikin daji: mai hange daga nesa sai ya ce murhu guda ne. Wannan ba garke ba ne, kama ce kawai.

Na koma wurin tsohon nan gaban ƴan aji, na ce: "Baba, ka gahwarce ni, ɗiyan nata ne." Ya yi murmushi ya ce: "Malam, da ita kakanninmu ke lissahin shekara. In ta ɓace da magariba, a gyara gona, damana ta ƙarato."

To, daren yau ka ƙidaya ɗiyan Kaza nawa idonka ya gani. Rubuta lambar da hannunka, ka kai ma malaminku.