Enthusiasm, Kalmar da Muka Sha Taunawa

A zamaninmu na sakandare, duk wanda ya mallaki ƙamus ɗin Oxford na A. S. Hornby sarki ne a ɗakin kwana. Bangon ya sha salatif, gefen shafukan ya yi baƙi da dattin yatsu, amma aronsa sai an bi layi. Dogayen kalmomi muke farauta a ciki, waɗanda za mu jefi abokan karawa da su ranar muhawara, kuma babu wadda ta kai "enthusiasm" farin jini. Harshe kan sarƙe a tsakiyarta, sai mu ce "entuziyazim" mu wuce abinmu.

Ko'ina cusa ta muke yi. Takardar neman zama firifet, tana ciki. Wasiƙar abokin alƙalami, tana ciki. Har a takardar ba da haƙuri kan makara na taɓa ganin wani ya saƙala ta.

Malaminmu na Turanci, dattijo mai zuwa a kan keken Raleigh, ya gaji da mu wata rana ya ajiye alli. "Yara, kun san da can wannan kalmar zagi ce?" Ya ce tushenta Girkanci ne, tana nufin mutumin da wani abin bauta ya shiga jikinsa. Daga kujerun baya wani ya ɗaga murya: "Malam, ashe hawan bori ne!" Aji ya kece da dariya. Malam ya murmusa, bai ƙaryata shi ba.

Sai da na girma na bi diddigin maganar, na tarar gaskiya Malam ya faɗa. Bayan yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642, da wannan kalma ake yi wa masu da'awar wahayi shaguɓe. John Locke ya ƙara babi guda a littafinsa kan fahimtar ɗan Adam a 1700 don kawai ya soke ta. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ma bai raga mata ba, kuma mabiyan John Wesley sun sha wannan gori. A hankali dafin ya fita, har ta zama yabo ga mai ɗoki da zafin nama kan abin da yake so. Yau ta yi arha. Kowace takardar neman aiki da ita take fara gaisuwa.

Shi kuwa Malam rowarta yake yi. Da wuya ya rubuta wa ɗalibi ita a katin sakamako, shi ya sa da na gan ta a nawa, da gudu na kai wa Baba. Ya gyara tabarau ya ce in fassara masa. Na yi ta lalube, himma ba ta zo mini ba, ƙwazo ma haka, na ce, "Baba, zumuɗi ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Zumuɗi na tura ka yi makaranta?"